Yaro mai otizam: ABA, koyon magana, horar da iyaye ko wasannin motsa jiki, da wanne za a fara?

Ranar da likita ya tabbatar wa iyaye cewa ɗansu yana da otizam, yawanci da takarda ake fitowa daga ofishinsa: a kai shi ABA (horon sauya hali ta hanyar maimaitawa da lada), a nemi mai koyar da magana, a ga mai OT (mai koyar da ayyukan yau da kullum irin ci da sa tufafi). Kafin a isa gida dangi sun ƙara nasu. Wannan ya ce a yanke masa madara da burodi, waccan ta ce ta ga bidiyon yaron da hawan doki ya buɗe wa baki, kaka kuma ta ce a ƙyale shi, babansa ma sai da ya shekara huɗu kafin ya yi magana. Aljihu ɗaya ne, kuɗin adaidaita sahu kullum ƙaruwa yake, yaron kuma yana gajiya kamar kowane yaro. Dole a zaɓa.

Gidajen rediyo sukan kira otizam da sunan galahanga, sai dai a bakin jama'a kalmar ta haɗa lalurori da yawa da ba su da alaƙa da juna. Otizam bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, yana bayyana a magana da mu'amala, da maimaita abu ɗaya, da yadda jiki ke karɓar sauti, taɓi, haske da ɗanɗano. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi. Babu ko ɗaya cikin shirye-shiryen da za mu kwatanta da ke cire shi. Abin da suke yi shi ne koyar da ƙwarewa da rage wahala, kuma a kan wannan mizanin za a auna su.

Kafin a biya ko sisi, a gwada jin yaron. Rashin ji yana kama da otizam a idon iyaye, kuma yaro yana iya samun duka biyun. A duba farfaɗiya, musamman irin wadda yaro zai ƙame ya zuba ido na 'yan daƙiƙu, a duba haƙori, taurin bayan gida da barci. Yaron da ba ya magana ba zai ce cikinsa na ciwo ba, sai dai ya buga kansa da bango, kuma duk horon da aka yi masa a kan ciwon da ba a gano ba asarar kuɗi ne. Sashen yara ko na ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Shika, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, Kware da Maiduguri, ko manyan asibitocin Yamai da Damagaram, su ne wuraren da ya kamata a fara tambaya. Bayan haka iyaye su zauna su rubuta abubuwa uku kacal da suka fi damun gidan, da kalmomin da za a iya ƙirgawa. "Ya samu sauƙi" ba ya ƙirguwa. "Ya nemi ruwa ba tare da kuka ba", "ya yi fitsari a bayi", "ya daina ficewa daga gida" suna ƙirguwa. Waɗannan ukun su ne za su zaɓi shirin.

ABA

Wannan shi ne sunan da aka fi ji, kuma shi ya fi tsada domin da awa ake lissafinsa. Tushensa mai sauƙi ne: a lura da abin da ya faru kafin yaro ya yi wani abu, da abin da ya yi, da abin da ya samu bayan ya yi, sannan a sauya na farko da na ƙarshe domin na tsakiya ya sauya. A tsohon salonsa, malama tana zaune da yaro a ƙaramin tebur, ta ajiye cokali da kofi ta ce, "Ba ni kofi." Idan bai motsa ba ta kama hannunsa ta ɗora a kan kofin, ta karɓa, ta yaba masa nan take, ta ba shi ɗan gutsuren biskit, ta yi alama a takarda. A maimaita sau goma. Gobe ta taɓa gwiwar hannunsa kawai, jibi ta nuna da yatsa, har ya yi da kansa.

Maganar awa 40 a mako da cibiyoyi ke yawan faɗa ta samo asali ne daga binciken Ivar Lovaas na 1987 a Los Angeles. Yara 19 ne suka samu wannan horon mai yawa, 9 daga cikinsu suka shiga ajin firamare na kowa da kowa. Sai dai ba da ƙuri'a aka raba su da yaran da aka kwatanta su da su ba, kuma binciken da ya biyo baya bai sake samun sakamako mai girman haka ba. A 2021 Sally Rogers da abokan aikinta sun raba ƙananan yara 87 ta ƙuri'a: wasu awa 15 a mako, wasu 25, wasu salon tebur, wasu salon wasa. Bayan shekara guda ba a ga wani bambanci na a zo a gani tsakanin rukunonin ba. Don haka idan cibiya ta ce sai an biya awa talatin ko arba'in yaro zai ci gaba, iyaye suna da hujjar tambayar dalili.

Inda ABA ya fi ƙarfi shi ne ƙwarewar da za a iya yankawa gunduwa-gunduwa: zuwa bayi, wanke hannu, sa riga, tsayawa idan an ce tsaya, da gano dalilin halin da ke da haɗari. Yaron da ke cizon hannunsa duk lokacin da aka kashe talabijin, mai ABA nagari zai shafe kwanaki yana rubuta yaushe, a ina, da wa, me ya biyo baya. Idan ya gano cewa cizon ne ke sa a sake kunnawa, zai koya wa yaron hanyar neman ƙari, ya kuma hana cizon yin aiki. Wannan aiki ne mai daraja kuma ba kowane mai koyar da magana ne ya iya shi ba.

Abin da ke lalacewa a ABA ma sananne ne. Na farko, abin da aka koya a tebur ya tsaya a tebur: yaro ya san jan kofin roba na cibiya, bai san moɗar gidansu ba, domin da kofi ɗaya, da mutum ɗaya, a ɗaki ɗaya aka koya masa. Na biyu, ba a janye tallafi da wuri ba, sai yaro ya saba jiran a kama hannunsa. Na uku, lada ta tsaya a kan alawa har ya ƙi yin komai sai ya ga leda. Na huɗu ya fi nauyi. Manya masu otizam da aka yi wa irin wannan horo suna yara sun sha faɗin cewa an tilasta musu kallon ido, an hana su kaɗa hannu da lilo da jiki, abubuwan da ke kwantar musu da hankali, an koya musu biyayya ga kowane babba ko da suna cikin wahala. A ganinmu suna da gaskiya. Kaɗa hannu ba ya cutar da kowa, kuma yaron da aka koya wa cewa ba shi da ikon cewa a'a an buɗe masa ƙofar cutarwa. Duk cibiyar da ke ɗaure hannu, ko hana abinci, ko barin yaro yana kuka har ya gaji domin "ya karye", a ɗauke shi ranar.

A kuma tambayi wanda zai zauna da yaron. A tsarin Amurka ma, ƙaramin ma'aikacin da ke yin zaman yau da kullum horon awa 40 ake nema daga gare shi kafin jarrabawa, shi ya sa aka wajabta wa babban ƙwararre duba aikinsa kowane wata. Idan mai takardar shaida yana ofis ko yana wani gari, matashin da aka ɗauka jiya kuma shi ke da yaro daga safe zuwa azahar, abin da ake biya ba shi ake samu ba.

Horar da iyaye da koyarwa cikin wasa

Wannan rukuni ya taso ne daga lura da cewa yaro yana koyon magana a jikin mutanen da yake so, cikin abin da ya ɗauki hankalinsa. Shirin ESDM na koyarwa cikin wasa, wanda aka gwada a Seattle aka wallafa a 2010, ya ɗauki yara 48 'yan wata 18 zuwa 30 na tsawon shekara biyu. Waɗanda suka samu shirin sun ƙaru da maki 17.6 a gwajin fahimta, sauran suka ƙaru da 7. Amma ESDM ƙwararru ne ke zuwa gida awa da yawa a mako, abin da gidaje kaɗan ne za su iya samu a Kano ko Maraɗi.

Wanda ya fi dacewa da halinmu shi ne irin PACT na Ingila. Ƙwararre ba ya taɓa yaron. Yana ɗaukar bidiyon uwa ko uba suna wasa da shi na minti goma, su zauna su kalla tare, ya tsayar da bidiyon a inda yaron ya yi yunƙurin isar da saƙo aka wuce ba a gani ba. Zama ɗaya duk mako biyu na wata shida, sannan sau ɗaya a wata na wasu wata shida, iyaye kuma su yi kusan rabin awa kullum a gida. An gwada shi a kan yara 152 a 2010. Gaskiyar sakamakon ita ce, makin gwajin harshe bai bambanta ba, amma mu'amala tsakanin yaro da mahaifi ta ƙaru sosai, kuma da aka sake duba yaran bayan kusan shekara shida an ga alamun otizam sun fi sauƙi a wajen waɗanda iyayensu suka samu horon. An sake tsara shi don Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan, inda ma'aikatan lafiya marasa digiri a fannin suka gudanar da shi ga yara 65, ya kuma yi aiki a kan mu'amalar. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da nata shirin, CST, don masu renon yara 'yan shekara 2 zuwa 9: zaman rukuni 9 da ziyarar gida 3. An gwada shi a Habasha da Kenya, ba a buƙatar takardar likita kafin a shiga, kuma akwai darussansa kyauta a intanet.

Ga yadda abin yake a tsakar gida. Yaro yana tsugune gaban bokiti yana ɗiban ruwa da moɗa yana zubarwa, ya yi sau hamsin bai ɗago ba. Uwar ba za ta ƙwace moɗar ba, ba za ta ce "Kalle ni, ce ruwa" ba. Za ta tsuguna gabansa, fuskarta daidai tasa, ta ɗauki tata moɗar ta yi yadda yake yi. Idan ta zuba ta ce "shaa!" Bayan 'yan zagaye sai ta ɗaga moɗar cike ta tsaya, ta ƙirga biyar a zuciyarta. Idan ya ɗago ido, ko ya taɓa hannunta, ko ya yi wani sauti, nan take ta zuba ta ce "zuba!" Kalma ɗaya, ba jimla ba. Ƙa'idar ita ce a ɗara yaro da mataki ɗaya: marar magana a ba shi kalma ɗaya, mai kalma ɗaya a ba shi biyu. Jiran nan na daƙiƙa biyar shi ne mafi wuya, domin babba ya saba cike shiru da tambayoyi.

Gidan Bahaushe yana da wata dama a nan da waɗanda suka tsara shirye-shiryen ba su da ita: mutane. Kaka, yayye, gwaggo, 'yan uwan da ke shige da fice. Idan mutum huɗu suka iya wannan salon, yaro ya samu awannin da babu cibiyar da za ta sayar. Amma a nan ne matsalar take. Sau da yawa ana ɗora komai a kan uwa ita kaɗai, ga girki, ga goyo, ga masu cewa laifinta ne. Idan ta gaji shirin ya mutu. Uba ya ɗauki lokaci ɗaya tabbatacce, ko da minti goma sha biyar ne bayan magariba, a kuma raba sauran: wanka na wane, cin abinci na wance. Matsala ta biyu ita ce rashin mai gyara. Iyayen da suka kalli darasi su kaɗai sukan koma tambaya da umarni cikin mako biyu ba su sani ba. Ko sau ɗaya a wata ne, a samu wanda ya sani ya kalli bidiyon minti biyar da aka ɗauka da waya.

Mai koyar da magana da katunan hoto

Iyaye sukan je wajensa da buri ɗaya, yaro ya buɗe baki. Nagari zai fara da tambayar yadda yaron ke neman abu yanzu, domin aikinsa isar da saƙo ne ta kowace hanya. Awa ɗaya a mako ba ta isa ta koyar da harshe, amfaninta shi ne ta tsara abin da za a yi sauran kwana shida. Idan ana rufe ƙofa a bar uwa a waje, an rasa rabin abin da aka biya. A Najeriya hukumar MRTB ce ke yi wa masu koyar da magana, masu gwajin ji da masu OT rajista, kuma babu laifi a nemi ganin lasisi.

Ga yaron da ya haura shekara biyu da rabi ko uku ba shi da kalma, tsarin PECS, wanda Andy Bondy da Lori Frost suka ƙirƙiro a Delaware a 1985, shi ne abin da ya fi saurin rage kuka a gida. Matakai shida ne. A mataki na farko ana buƙatar manya biyu. A ɗauki hoton abin da yaron ke mutuwar so, a ce ƙosai, a wanke shi kamar faɗin tafin hannun yaro, a lulluɓe da selotef. Uwa ta zauna gabansa da ƙosai a hannu, katin yana ƙasa tsakaninsu, ba ta cewa komai. Da ya miƙa hannu zai ɗauka, yayarsa da ke bayansa ta karkatar da hannun zuwa katin, ta taimaka masa ya ɗauka ya sa a tafin uwar. Cikin daƙiƙa guda uwar ta ce "ƙosai" ta ba shi ɗan gutsure. Gutsure, domin a samu damar maimaitawa. Ta bayan ita ce ke janye taimako a hankali, kuma ba ta magana sam. Ana so a samu dama 30 zuwa 40 a yini, da abubuwa daban-daban da mutane daban-daban. Mataki na biyu, a nisanta katin da mutumin har yaro ya tashi ya ɗauko ya bi uwarsa madafa ya ba ta. Na uku, ya bambance hotuna, a fara da abin da yake so da wanda bai damu da shi ba. Na huɗu ya haɗa "ina son" da hoton, na biyar ya amsa "me kake so?", na shida ya faɗi abin da ya gani ko ya ji.

Kurakuran da ke kashe shi uku ne. Uwa ta riƙa cewa "ba ni kati", sai yaro ya koyi jiran umarni maimakon farawa da kansa. A tsallake mataki na biyu, sai katin ya yi aiki a kan tabarma ɗaya kawai. Ko a ajiye littafin katunan a saman firji don kada ya yage, wato an ɗauke wa yaro bakinsa. Tsoron da iyaye ke yi cewa hoto zai hana magana bincike bai tabbatar da shi ba, wasu yaran ma a mataki na huɗu suke fara furta kalmomin.

Akwai batun harshe da ba a cika tayarwa ba. Cibiyoyi da yawa da Turanci suke aiki, a Nijar da Faransanci, har a ce wa iyaye su daina yi wa yaro Hausa don kada ya rikice. Binciken da aka yi a kan yara masu otizam a gidaje masu harshe biyu bai nuna cewa harshe na biyu yana ƙara jinkiri ba. Yaron da ya koyi neman ruwa da Turanci alhali kakarsa da ke yini da shi ba ta ji, an raba shi da wadda ta fi kowa lokacinsa. Kalmomin buƙata na farko su kasance cikin harshen gida.

OT da batun gaɓoɓin ji

Mai OT yana aiki a kan abin da yaro ke yi da jikinsa a yini: ci, sa tufafi, bayi, riƙe fensir, jure aski da yankan farce. A nan ya kamata a raba abu biyu da ake sayarwa da suna ɗaya. Akwai tsarin da Jean Ayres ta kafa a shekarun 1970, na lilo, hawa, birgima da taɓa abubuwa a ɗaki na musamman ƙarƙashin ƙwararre. Wani ƙaramin gwaji na 2014 a kan yara 32, zama 30 cikin mako 10, ya nuna sun fi cimma burin da iyayensu suka sa. Hujja ce, amma ƙarama. Sannan akwai kayan sayarwa: riga mai nauyi, bargo mai nauyi, burushin goga fata, sauraron sauti ta abin kunne don "gyara ji". An gwada bargo mai nauyi a Ingila a 2014 a kan yara kusan 70, bai ƙara musu barci ba, ga shi a zafin Afrilu haɗari ne.

A fifita OT idan matsalar gidan ci ce ko bayi ko kula da kai. Yaron da ba ya cin komai sai taliya da biskit ba a yi masa ɗure, ɗure yana ƙara tsoro kuma yana iya shaƙe shi. Ana hawa ne daki-daki: sabon abincin ya zauna a faranti kusa da nasa, ya taɓa, ya sunsuna, ya lasa, ya ciza ya tofar, sannan ya haɗiye, kowane mataki yana iya cin kwanaki. Mai OT zai kuma nuna abin da ke tayar da yaro: janareto, injin markaɗe, lasifikar biki. Abin toshe kunne irin na ma'aikata yakan yi maganin abin da ake zaton taurin kai ne. Aikin ƙarfi da ke kwantar da wasu yara yana nan a gida kyauta: ɗaukar ƙaramar jarka, tura baro, daka a ƙaramin turmi, lilo a bishiya.

Daga tsarin TEACCH na Jami'ar North Carolina, abu ɗaya ya isa kowane gida ya ɗauka: jadawalin hoto. Hotuna huɗu zuwa shida a jere a bango, wanka, kari, makaranta, abinci, yaro ya cire kowanne idan an gama. Kiran salla biyar ya riga ya yanka yini, sai a rataya jadawalin a kansa.

Ninƙaya, doki, kiɗa da wasan gini

Waɗannan ƙari ne, ba sa maye gurbin koyon isar da saƙo. Amma ninƙaya tana da matsayi na daban. Wani bincike na 2012 a kan yara sama da 1,200 a Amurka ya nuna kashi 49 cikin ɗari sun taɓa yunƙurin ficewa su ɓace bayan sun shekara huɗu, wani kuma na Jami'ar Columbia a 2017 ya ƙiyasta haɗarin mutuwa a ruwa ga yara masu otizam ya ninka na sauran yara sau 160. Ruwa yana jan su. Duk wanda ya san kududdufan bayan gari da damina, da rijiyoyi marasa murfi, da tankin ƙasa a gidajen da ake gini, ya san abin da wannan ke nufi a wajenmu. Idan akwai wurin koyo, malami ɗaya yaro ɗaya, minti 30, a fara da juyawa a kwanta rigingine a kan ruwa da kama bakin kwami, a kuma yi wasu darussan da tufafi a jiki domin da su yaro ke faɗawa. Mai farfaɗiya sai da izinin likita da babba a nisan hannu. Ko akwai darasi ko babu, rijiya ta samu murfi da kwaɗo, ƙofar gida ta samu sakata a sama.

Hawan doki yana da gwaji mai kyau guda daga Colorado a 2015: yara sama da ɗari 'yan shekara 6 zuwa 16, minti 45 a mako na mako 10, aka ga saurin fushi da rashin zama sun ragu fiye da na waɗanda suka yi aikin barga ba tare da doki ba. Muna da dawaki, amma ingarman hawan salla da aka saba wa sukuwa da ƙarar bindiga ba shi ne dokin wannan aiki ba. Ana buƙatar dabba mai sanyin hali, hular kwano, mutum ɗaya riƙe da linzami, biyu a gefe. Yaro mai lalurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita, sai likita ya duba wuyansa tukuna.

Kiɗa kuwa, babban gwajin da aka yi a ƙasashe 9 a kan yara 364, wanda ya fito a 2017, bai ga ya rage alamun otizam fiye da kulawar da aka saba ba. Yara da yawa suna jin daɗinsa, kuma jin daɗi ma abin nema ne, sai dai ba za mu ba da shawarar a cire kuɗin mai koyar da magana a kai can ba. Waƙar reno ko ta Islamiyya da tafi sun isa: a rera, a tsaya kafin kalmar ƙarshe, a jira.

Ga yaro mai magana ɗan shekara bakwai zuwa sama wanda matsalarsa abokai ce, wasan gini na Lego da Daniel LeGoff ya tsara yana da dabara mai kyau. Yara uku: ɗaya yana riƙe da zane yana bayani, ɗaya yana miƙo kaya, ɗaya yana haɗawa, sai a yi musanya. Ba wanda zai gama shi kaɗai, dole a yi magana. Motar kara ko ta gwangwani za ta yi wannan aikin.

Abin da ba ya cikin zaɓi

Allurar "wanke ƙarfe daga jini" ta kashe yaro ɗan shekara biyar a Pennsylvania a 2005. Ruwan da ake kira MMS, wanda ake sayarwa da sunan magani, bilic ne, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa. Yanke alkama da madara bai nuna amfani ba a gwajin da aka yi a ɓoye wa iyaye abin da yaro ya ci, kuma ga yaron da abincinsa uku ne kacal, cire biyu yunwa ce, sai fa idan likita ya gano jikinsa ba ya karɓarsu. Addu'a da tofi ba sa karo da kowane shiri, iyaye su yi ta yi. Duka, ɗauri, turara hayaƙi a rufaffen ɗaki da sunan fitar da iska, waɗannan cutarwa ce ga yaron da ba zai iya kai ƙara ba.

To wanne ga wane yaro?

Ɗan shekara biyu zuwa huɗu marar magana, kuɗi kaɗan: horar da iyaye shi ne ƙashin baya, da mai koyar da magana ko sau biyu a wata don ya kafa katunan hoto ya riƙa gyara. Idan da hali, a ƙara awanni a cibiya mai koyarwa cikin wasa wadda ke barin iyaye su shiga. Yaron da ke ji wa kansa ko wasu ciwo: likita tukuna, sannan ƙwararren ABA da zai binciko dalilin halin ya zo gida ya gani. Akwai magunguna biyu, risperidone da aripiprazole, da aka amince da su don tsananin fushi, suna sa ƙiba da barci, likita ne kaɗai ke rubuta su kuma ba sa koyar da komai. Wanda ci ko bayi ya hana shi makaranta, OT na wata biyu ko uku a kan wannan burin kaɗai. Mai magana da ke aji amma yake zaune shi kaɗai, ƙaramin rukunin wasa da malamin da ya fahimce shi sun fi masa teburin ABA.

Duk wanda aka zaɓa, a ƙirga kafin a fara. A samu littafi mai shafi arba'in, a yi mako guda ana yin layi duk lokacin da abu ya faru: sau nawa ya nemi abu da kansa, sau nawa ya jiƙa wando, minti nawa bori ya ɗauka. A fara shiri ɗaya, kada a haɗa sababbi biyu a mako guda don a san wanda ya yi aiki. Bayan mako 12 a sake ƙirgawa na mako ɗaya, a ɗauki littafin a je wa mai horon da shi. Idan lambobin sun motsa a gida, a ci gaba. Idan sun motsa a takardar cibiya kawai, a nemi a dawo da darasin tsakar gida da kayan gidan. Idan ba su motsa ko'ina ba, ko yaron ya fara kuka tun daga kwanar layin cibiyar, ko barcinsa ya lalace, a sauya buri, ko salo, ko wurin.